Lambar Jummai

Shafi na 11

Masu aiko da saƙo cewa na bar ku a ƙofar gidan mutane kwana huɗu, na gani. Ba ku mutu ba. Mu shiga.

Kun tuna 'yata Nasiha ta ce za ta Maruta gaishe da gwaggon mahaifiyarta. Na hau motar da ke bayan tata daga tashar Birnin Kudu. Ba ta je Maruta ba. A Gwaram ta sauka, ta shige wani gida mai farantan sola uku a kan rufi.

Haka mahaifiyarta Jummai take cewa duk Asabar, shekara huɗu, har ciwo ya kwantar da ita. Maruta. Yau shekara uku da rasuwarta, kuma ban taɓa tambayar ta ko yaya gwaggon take ba.

Na ƙwanƙwasa.

Matar da ta buɗe na san ta. Sista Rebeka ce, nas, mutuniyar Filato. Ita ta riƙa sa wa Jummai ƙarin ruwa a kwanakin ƙarshe. Ranar jana'iza ta fi dangi kuka. Na ɗauka kirki ne kawai.

Ta riƙe ƙyauren da hannu biyu.

"Malam Musbahu."

"Shi ne. Ashe nan ne Maruta. An matso da ita."

"Malam, zauna a inuwa tukuna, in kawo ruwa."

"Na sha a mota. Ina 'yata?"

Daga cikin ɗaki sai na ji muryar namiji, da Turanci, yana faɗa.

Ban jira izini ba. Na ɗaga labulen da shirin ganin ƙato.

Babu ƙato.

Tebur ne, da kwamfuta mai fuska biyu, da wata sanda baƙa mai maɓallai a tsaye a gefe. Nasiha na zaune da hijabinta, makirufo a gaban bakinta. A fuskar kwamfutar ga hancin ƙaramin jirgin sama, gabansa doguwar kwalta mai fararen zane.

Muryar daga lasifika take fitowa. Shekara talatin na yi ina koyar da Turanci, don haka ga abin da ya ce:

"J, M, shida ɗaya huɗu, kana tsaye a kan titin saukar jirgi. Akwai jirgi yana sauka. Ka fita yanzu."

Nasiha ta ga titin, ta gan ni, ta rasa wanda za ta fara ji wa tsoro.

"J, M, shida ɗaya huɗu, kana ji na?"

Rebeka ta wuce ni da gudu ta danna wani abu. Muryar ta ɗauke.

"Nasiha, na ce ki jira ni. Ba a haɗawa a kan titi. A wurin ajiye jirage ake farawa. Sau nawa zan faɗa?"

Ni ban ji sauran faɗan ba. Na nemi bango na jingina.

Shida ɗaya huɗu.

Wanda ya fara karatu daga wannan shafin, ga abin da sauran suka riga suka zage ni a kai.

Wata shida da aurenmu, Jummai ta nemi shiga makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya. Ta fi kowa lissafi a ajinsu. A lokacin duk wanda ba shi da akwatin gidan waya, da adireshin makarantar wani malami yake amfani. Ita da nawa ta yi. Ni kuma ni ke ɗauko jakar wasiƙun makarantarmu duk Juma'a.

Wasiƙar ta zo. An kira ta jarrabawa. Na karanta a tsaye a bayan ofis, na mayar cikin ambulan, na kai gida, na sa a cikin babban ƙamusuna mai jan bango. Tsakanin shafi na 614 da na 615.

Ba zan ce don ƙauna na yi ba. Tsoro ne. Na ga matata a sama, ni ina ƙasa da alli a hannu.

Duk Juma'a takan ce, "Malam, ba wasiƙa?"

In ce, "Babu."

Wata takwas tana tambaya. Sannan ta daina, ta sayi keken ɗinki.

Na zaɓi ƙamus ne don na tabbata ba za ta buɗe shi ba. Duk shekara nakan leƙa in ga gefen ambulan ɗin yana nan. Bayan rasuwarta ma na leƙa. Yana nan. Da wannan nake iya barci: ta tafi ba ta sani ba, kuma Nasiha ba za ta taɓa sani ba.

Wayar Rebeka ta yi ƙara. Ta duba, ta cije leɓe.

"Yayana ne, Simon. Daga Jos."

Ta sa a lasifika. Ko gaisuwa bai yi ba.

"Rebeka, wa ke kan lambar Jummai?"

"Yaya, bari in..."

"Ina zaune ina jiran ɗalibi, sai na ga sunanta ya haska a filin jirgin Kano. Kofin shayi ya faɗi a hannuna. Shekara uku, Rebeka. Wa ke kan lambarta?"

Nasiha ta matso da bakinta kusa da wayar.

"Ni ce. 'Yarta."

Na ji yana jan numfashi.

"Nasiha?"

"Ka san sunana?"

"Na san ranar da kika ci jarrabawar gama firamare. Mahaifiyarki ta makara a darasi saboda ke."

Na ce, "Wani zai gaya mini abin da nake kallo, ko in koma tasha in tambayi 'yan acaɓa?"

Rebeka ta ce, "Yaya, mijinta na nan."

Simon ya gyara murya.

"Malam, ranka ya daɗe. Allah ya ji ƙanta. Ban samu na yi maka gaisuwa ba."

"Amin. Da wa nake magana?"

"Malaminta."

"Malamin me? Wasan kwamfuta?"

Bai yi fushi ba. Hakan ya fi ba ni haushi.

"Jirgin na kwaikwayo ne, Malam. Mutanen na gaske ne. Dandali ne a intanet, kowa na zaune a ɗakinsa a ƙasarsa, amma sama ɗaya muke shiga. Wasu na tuƙi, wasu na ba da hanya, da dokoki irin na filin jirgi na gaske. Babu mai biyan kowa. Wanda ya yi faɗa ɗazu mutum ne yana gadin hasumiyar ba da hanya ta filin jirgin Kano. Wanda ke sauka kuma awa huɗu da rabi ya yi yana tuƙo jirginsa daga Jidda. 'Yarka ta sa ya fasa sauka, ya sake kewayowa."

"Allah ya ba shi haƙuri. Da fasinja nawa?"

"Babu ko ɗaya. Amma yana can yana zagin Jummai."

Nasiha ta sunkuyar da kai.

Simon ya ce, "Nasiha, wa ya ba ki kalmar sirri?"

Ta ɗaga wani littafin rubutu mai baƙin bango. Na san shi. Shekaru ina ganin sa a kan keken ɗinki. Na ɗauka awon rigunan mutane ne a ciki.

"Gado ne," in ji ta. "Da aka raba kayan Inna, wannan a rabona ya faɗo, da keken, da tukwane. Lambar na ciki. Tawa ce."

"Lamba ba ta shiga gado."

"Komai na mamaci yana shiga gado. Ka tambayi Baba."

Na ce, "Na karanta babin. Ban ga inda aka raba lamba ba."

"Mutum ɗaya, lamba ɗaya, da sunansa na gaskiya," in ji Simon. "Ita ce doka ta farko. In aka gane wani ne a kai, za a rufe ta. Duk abin da ta yi zai tafi tare da ita."

Nasiha ta ɗago da sauri.

"Ni ba sata na zo yi ba. Anti Rebeka ta ce saura jarrabawa ɗaya ta zama cikakkiyar matuƙiya a wurinku. Na ce zan koya, in yi mata, a rubuta da sunanta."

"Na gaya mata ba a yi," in ji Rebeka. "Na shiga wanka, na fito na tarar ta haɗa."

Simon ya ce, "Ranar Asabar ce jarrabawar. Ƙarfe goma sha ɗaya. Na jira ta har ƙarfe biyu. Sai da yamma Rebeka ta kira ni daga asibiti."

Na tuna Asabar ɗin. Da safe ta ce in taimaka mata ta zauna, ta ce in miƙo mata mayafi. Na ce ina za ki a wannan halin. Ta ce Maruta. Na ɗauka zafin ciwo ne.

Na jawo kujerar roba na zauna.

"Malam Simon, tun yaushe?"

"Shekara huɗu ta yi da mu. Awa ɗari uku da goma sha ɗaya a sama."

"Jummai."

"Ita."

"Matar da ko keke ba ta hawa."

"Ta taɓa saukar da jirgi a Yola cikin hadari, iska na bugun ta daga gefe. Mai ba da hanya ya tambaye ta ko aikinta ne na gaske."

Rebeka ta yi ɗan murmushi, idonta da ruwa.

"Ranar ta fita tsakar gida tana rawa da zani ɗaya. Kaji suka watse."

Shekara goma sha tara muna tare. Ban taɓa ganin ta tana rawa ba.

"Farkon ne ya yi mata wuya," in ji Simon. "Ta ci jarrabawar shiga a zama ɗaya. Amma wata uku tana shiga a matsayin mai sauraro kawai. Takan ajiye jirgi a gefe, ta kashe inji, tana jin yadda wasu ke magana, tana rubutawa. Ta ƙi taɓa makirufo."

"Don me?"

Ya yi jinkiri.

"Faɗi, Malam Simon. Na ci tuwo da safe, zan iya ɗauka."

"Ta ce mijinta malamin Turanci ne. In ta yi kuskure yakan gyara mata tun kafin ta rufe baki. Ta ce bakinta ya saba jiran gyara."

Nasiha ta kalli ƙasa. Rebeka ta kalli fanka. Kowa ya samu abin kallo ban da ni.

Tambaya ɗaya ta rage, kuma na san bai kamata in yi ta ba. Amma ni mutum ne da ba ya barin littafi sai ya ga shafin ƙarshe.

"Wannan sunan da ake kiran ta da shi. Shida ɗaya huɗu. Ku kuke ba mutum?"

"A'a. Lambar rajista mu ke bayarwa. Sunan kira kowa shi ke zaɓar nasa. J da M sunanta ne da naka."

"Lambobin fa?"

Rebeka ce ta amsa, da fara'arta, kamar tana miƙo mini kyauta.

"Ai ta ce kai ka zaɓa mata."

Fankar na juyawa. Na ji ta sosai.

Nasiha ta juyo gaba ɗaya a kan kujera. Fuskarta ta buɗe irin yadda ba ta buɗe mini ba tun ranar jana'iza.

"Baba, ashe ka sani? Duk wannan ɓoye-ɓoyen da nake yi, ashe ka sani?"

Na buɗe baki. Ina da kalmomi a harshe uku. Babu wadda ta fito.

Ta ɗauki shiruna a matsayin i. Ta kama hannuna ta riƙe.

Na bar ta ta riƙe. Ku rubuta wannan a cikin laifuffukana, akwai sauran wuri a ƙasa.

"To ai shi ke nan," in ji Simon. "Tunda Malam na nan, a yi abin yadda ya kamata. Nasiha, ki fita daga lambar mahaifiyarki, kada ki sake taɓa ta. Ki yi rajista da sunanki. Za su ba ki taki lambar. Ki karanta dokokin sababbin shiga, ki yi jarrabawar farko. In kin ci, sai mu fara daga sauraro, kamar yadda ta fara."

"Jarrabawar farko?" Ta saki hannuna. "Ba ta tuƙi ba ce ta farko?"

"Ta tuƙi sai bayan watanni. Ta farko ta dokoki ce, tambayoyi ne a zaɓi amsa. Yau ma kina iya yi."

Ta ɗauki littafin ta juya shi ta baya. Sai yanzu na lura. An naɗe takardar ƙarshe gida biyu, an ɗinke bakinta da koren zare. Ɗinkin Jummai ne, ƙanana, a jere, babu wanda ya fi wani.

A kai an rubuta: Nasiha, kada ki warware sai kin ci jarrabawar farko.

"Shekara uku ina kallon zaren nan," in ji ta. "Na ɗauka sai na iya tuƙi."

Na miƙe.

"Azahar ta kusa. Mu tafi gida, kya yi wani satin."

"Motoci na nan har magariba, Baba."

"Hadari na haɗuwa."

Rebeka ta leƙa taga. Sama fes, ko gajimare ɗaya babu. Ba ta ƙaryata ni ba. Mace ce mai tarbiyya.

Nasiha ta riga ta fara cika suna. Nasiha Musbahu. Ta rubuta sunana a wurin da babu mai goge shi.

Tana karatun dokoki aka kira salla. Rebeka ta kawo mini buta, sannan ta buɗe durowa ta ciro darduma mai ruwan ƙasa, a naɗe cikin leda.

"Tata ce. A nan take ajiye ta. Gabas ta wajen tagar can."

A ƙarƙashin hoton da ke bangon ɗakin Kirista, a kan dardumar matata, na yi azahar. Wurin goshi ya ɗan koɗe. Na sa nawa a kai.

Ba zan ɓoye muku abin da na roƙa ba. Na roƙi Allah ya kayar da 'yata a jarrabawa.

Sai da na shafa na gane cewa wannan addu'ar na taɓa yin ta. Shekara ashirin da biyu da suka wuce, a bayan ofis, da ambulan a hannu.

Da Nasiha ta idar da tata sallar ta koma kan kujera. Simon na kan waya har yanzu.

"Babu mai taimaka mata. Rebeka, ki koma baya. Malam, kai ma."

"Kada ka damu da ni," na ce.

Ta fara. Ina jin ƙarar dannawa. A ina ake ajiye jirgi kafin a haɗa da dandali. Ta yi dariya, ta danna. Me za ka yi in mai ba da hanya ya kira ka. Ta danna. Ko ya halatta wani ya shiga da lambarka. Ta kalli wayar, ta danna.

A wata tambaya ta tsaya. Kalma ɗaya ce ta Turanci ta tare ta. Ina hango ta daga inda nake. Na san ma'anarta, na san asalinta, na san shafin da take a ƙamus.

Ta waiwayo ta kalle ni.

Na kalli fanka.

Ta juya. Ta motsa leɓe irin yadda mahaifiyarta ke yi in tana lissafin yadi. Ta danna.

Fuskar kwamfutar ta canja.

Rebeka ta dafa ƙirji. "Yaya, ta ci."

"Na sani," in ji Simon. "Barka da zuwa, Nasiha. Asabar mai zuwa, ƙarfe goma sha ɗaya. A wurin ajiye jirage, ba a kan titi ba."

Nasiha ta riga ta miƙa hannu.

"Anti, almakashi."

Na ce, "Bari sai mun je gida."

"Ta ce in na ci. Na ci."

Ba ta yanke zaren ba. Da bakin almakashin ta riƙa zaro shi ɗaya bayan ɗaya, kada takardar ta yage. Na ƙirga ɗinki goma sha bakwai. Ƙofa na bayana, a buɗe. Ban fita ba.

Ta buɗe takardar. Layi uku ne kawai, ina ganin inuwarsu ta baya.

Ta karanta. Ta sake karantawa. Murmushin bai tafi gaba ɗaya ba, tsayawa ya yi a rabi.

"Me ta ce?" in ji Rebeka.

Nasiha ta karanta a fili, a hankali.

"Kin ci, na sani. Yanzu ki je ɗakin littattafan Babanki, ki ɗauko jan ƙamus, ki buɗe shafi na 614. Ki karanta duk abin da ke cikin ambulan ɗin, har wanda na ƙara."

Har wanda na ƙara.

Gefen ambulan ɗin na sha gani. Cikinsa rabona da shi shekara ashirin da biyu.

Nasiha ta rufe littafin ta sa a jaka. Ta gyara hijabi. Ta miƙo mini tafin hannu, wanda ɗazu ya riƙe nawa.

"Baba, makullin ɗakin yana wurinka?"

Yana aljihuna na dama. Hannuna na kansa.